Robar wuya ko aikin hannu: wanne ya fi wa Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata biyar ke nan ana yi wa Babanmu wankin ƙoda ta robar da aka sa masa a wuya. Likita ya ce a yi masa aiki a hannu, wai fistula. Baba ya ce robar ta ishe shi, ba yanka ba allura. Kuɗin da muka haɗa ba yawa. Mu biya aikin, ko mu bar shi da robarsa?
Daga wata 'yar Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri. In likita ya duba jijiyoyin hannunsa ya ce za su yi, ku biya aikin.

Ki fara kwantar masa da hankali a kan sunan, don ba ruwan wannan da yoyon fitsari, wanda shi ma ake kira fistula. Jijiyar da ke kawo jini daga zuciya ake haɗawa da mai mayar da shi, galibi a wuyan hannu, sai ta biyun ta yi kauri ta iya ɗaukar allura. Tun 1966 likitoci Brescia da Cimino suka fito da dabarar a Amurka, kuma kashe wurin kawai akan yi, ba sai an sa mutum barci ba.

Robar ce abin tsorona. Bakinta na ciki yana dab da zuciya, na waje yana kan fata, kin ga ƙwayoyin cuta sun samu hanya kai tsaye zuwa jini. Duk ranar da Baba ya yi zazzaɓi ko rawar ɗari, musamman yana kan injin, kada ku ce maleriya ce ku nufi kemis. A gaya wa masu wankin a ranar. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani: roba in ta daɗe tana gogar babbar jijiya, wurin yakan yi tabo ya tsuke. Hannu ko fuska ya kumbura, kuma ko an yi aikin hannu a wannan ɓangaren daga baya, jinin ba shi da mafita. Wato jinkirin yau yana cinye hanyar gobe, alhali mai wankin ƙoda jijiyoyinsa ƙidayayyu ne.

Kada ki ɓoye masa komai. Allura biyu ce duk zuwa. Aikin yakan ɗauki mako 6 zuwa wata 3 kafin ya nuna a fara wanki da shi, robar na nan har lokacin, wani ma ba ya nuna sai an sake. Amma ki tuna masa yadda yake lallaɓa wanka don kada robar ta jiƙe. Da aikin hannu, zai yi wankan Juma'arsa yadda ya saba. Wanda zuciyarsa ta yi rauni sosai ko jijiyoyinsa suka ƙare ne ake bari da roba, wannan kuwa hukuncin likita ne.

Tambaya: Hajiyata na da ciwon ƙoda amma ba a fara wanki ba. Nas ta ce kada mu yarda a huda hannunta na hagu. Me ya sa?
Daga wani ɗan Asawase

Amsa: Ajiye hannun ake yi, ɗan'uwa. Kowace huda da kowane ƙarin ruwa suna iya barin tabo a jijiyar da wata rana za a nema don yin fistula, kuma akan zaɓi hannun da mutum bai cika aiki da shi ba. Ko a babban asibitin Komfo Anokye ko a ƙaramin asibitin unguwa, ka faɗa tun kafin a ɗaura igiya: a ɗebi jini a dama, a bayan tafin hannu in zai yiwu.