Daga tashin makaranta zuwa dawowar iyaye, ina yara za su zauna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano, maigidana kuma ɗan kasuwa ne, sai bayan Magariba yake shigowa. Yaranmu biyu, ɗan shekara 10 da 'yar shekara 7, ana tashinsu ƙarfe 1:30. Makarantarsu ta buɗe lesin har ƙarfe 4 da ƙarin kuɗi. In biya, ko in ci gaba da barinsu wajen maƙwabciyata?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Shawarata ki biya, amma sai kin je kin gani da idonki tukuna.

Babban abin da kuɗin nan zai saya miki shi ne awa biyu da rabi da kika san inda 'ya'yanki suke, kika kuma san wanda ke kula da su. Mai ba marasa lafiya magani bai kamata hankalinta ya rabu biyu ba. Maƙwabciyarki Allah Ya saka mata da alheri, amma yau da gobe sai Allah. Tana da nata yaran da girkinta, kuma kunya ba za ta bari ta ce miki ta gaji ba. Ranar da ta tafi biki ko barka fa? Ɗan shekara 10 kuwa shi ne daidai aike, kuma kin san yadda 'yan adaidaita sahu ke gudu a cikin lunguna. Ga kuma aikin gida da ake ba su: in sun gama shi a makaranta, sai ki dawo ki same su ku ci abinci ku yi hira, maimakon ki kwaso gajiya ki zo kina faɗa a kan lissafi.

Ranar da ba ki da aiki, ki leƙa makarantar wajen ƙarfe 2:30 ba tare da kin sanar ba. Ki ƙirga yaran da ke hannun malami ɗaya. Ki duba ko sun yi sallar Azahar, ko an ba su lokacin cin abinci, ko akwai ruwan sha da banɗaki mai tsafta. Ki tambayi maigadi wa yake miƙa wa yaro in an tashi. In kowa ya zo ba shi ake yi, kada ki sa ko sisinki. Yaron da ke zaune a benci tun ƙarfe 8 na safe yana bukatar ya miƙe ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. In kin tarar kwafe allo kawai suke yi har ƙarfe 4, wannan tsare yara ne, kuma abin yana damuna matuƙa, don nan ne yaro ke fara tsanar karatu.

Sai batun Islamiyya, da yawanci ake shiga bayan La'asar. Daga lesin a zarce can, a dawo Magariba, 'yar shekara 7 ba za ta jure ba kullum, ga shi masu shekarunta suna bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Ki nemi hukumar makarantar ta yarda ki biya na ranakun da aikinki ya fi matse ki kawai. Alhamis, da Islamiyyu da yawa ke hutu, ita ce ta fi dacewa da lesin.

Tambaya: 'Yata tana aji shida a firamaren gwamnati a Kaduna, za ta zana jarrabawar shiga sakandare. Ni da mahaifiyarta duk muna fita nema, ranar Juma'a kuma ba ta da makaranta. Malamin gida ya fi ƙarfin albashina.

Amsa: Malam, tun da aka mayar da makarantun gwamnatin Kaduna kwana huɗu a 2022 iyaye ke fama da wannan Juma'ar. Ka mayar da ita jari. Ku haɗu gida huɗu ko biyar masu yara 'yan aji ɗaya, ku ɗauki malami guda, ku raba kuɗin, a riƙa yi da hantsi kafin masallaci. In makarantun tarayya kake nema mata, NECO ce ke shirya jarrabawar, don haka ka sayi littafin tsofaffin tambayoyinta a riƙa bi da su. A yi karatun a tsakar gidan da akwai babbar mace, ƙofa a buɗe. Wannan sharaɗin kada ka sassauta shi komai kirkin malamin.

Tambaya: Ɗana shekararsa 14, ya fi son zuwa shagon gyaran waya a kan lesin. In bar shi?

Amsa: Hajiya, ki bar shi, muddin kin san maigidan shagon da gidansu. Ki sa babansa ko kawunsa ya kai shi da kansa, a yi magana a kan lokacin tashi, ya zama kafin Magariba yana gida. In sakamakon zangon nan ya yi ƙasa, sai a rage masa zuwa Asabar da Lahadi.