Tsohuwar taraktar yankan ciyawa tana mutuwa da zarar an saka wuƙa: a yanke wayar kujera?

Tambaya

Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne mai kula da harabar wata makarantar kuɗi a Kaduna. Bara aka sayo mana ƙaramar taraktar yankan ciyawa, irin wadda ake hawa, 'yar gwanjo daga Amurka, ƙirar Craftsman mai injin Briggs & Stratton silinda ɗaya. Abu biyu ke damuna. In na murɗa makulli sai injin ya juya rabi ya cije kamar batir ya yi sanyi, alhali batir sabo ne, kik ma mun canza. In kuma Allah ya sa ta tashi, da na ja hannun wuƙa ko na saki birki sai ta mutu nan take. Makaniken da muka kira ya ce inji ya gama yawo, sai an sayi wani. Wayar da ke ƙarƙashin kujera kuma ya ce tsirfar Turawa ce, zai yanke ta ya haɗa kai tsaye. Ni na ba da shawarar sayen taraktar nan, ga damina ta kankama, ciyawa ta kai gwiwa, har an fara ganin maciji inda yara ke wasa. Tsorona kada a ce na jefa makaranta cikin asara. Me zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, ba na jin ka yi asara. Injin da ya gama yawo ba ya cijewa, juyawa yake sakwa-sakwa saboda ba sauran matsi a cikinsa. Naka matsi ne ya yi wa kik yawa, kuma wannan alamar lafiya ce. Ka ce wa mai makaranta ya riƙe kuɗinsa tukuna.

Waɗannan injina masu bawul a sama suna da wani ɗan ƙarfe a jikin kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, wanda ke ɗaga bawul kaɗan lokacin tayarwa, don iska ta zurare kik ya samu sauƙi. Ɗagawar ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa da zarar ratar bawul ta buɗe saboda tsufa sai ta shanye ɗagawar gaba ɗaya. Daga nan sai a yi ta canza batir da kik a banza. Wasu ma har batir biyu suke jerawa su ba kik wuta volt 24, su ƙone shi, su ce dama jabu ne.

Fara da gwaji mai sauƙi. Cire filogi, ka nesanta wayarsa da ramin, ka murɗa makulli. In ya juya da gudu, batir da kik ba su da laifi. In ka ga fetur na feshi daga ramin filogi, tsaya nan. Allurar kabureta ce ke yoyo, mai ya cika silinda, kuma tabbas ya gangara cikin baƙin mai. Zaro sandar awo ka sunsuna. In ya haura layi, ya tsinke, yana warin fetur, zubar da shi ka zuba sabo, SAE 30, wajen lita 1.4. Ka wanke kabureta, ka canza allura, ka sa ɗan famfo a tiyon mai wanda za ka riƙa rufewa in an tashi aiki.

In ba fetur, sai saitin bawul, kuma sai inji ya huce sarai. Buɗe murfin bawul, ka juya filawil, wato babban faifan da ke saman inji, da hannu har fistin ya kai ƙololuwa bawul biyu na rufe, sannan ka ɗan zarce har ya sauka milimita 6, wato kwatan inci. A nan ake awo. Ga irin naka, na shigar mai yana son rata 0.08 zuwa 0.13 na milimita, na fitar hayaƙi 0.13 zuwa 0.18. Bi bututun salansa za ka gane wanne ne na hayaƙi. Da filageji ake yi, wato siraran ƙarafan awon rata. Wanda ya zo maka da reza ko takardar sigari ya ce hannunsa ya saba, ka sallame shi. Bayan saiti ka juya filawil a hankali kana kallon hannuwan bawul: kafin fistin ya kai sama za ka ga ɗaya ya ɗan motsa. In bai motsa ba, ɗan ƙarfen nan ya karye, sai an buɗe ƙasan inji an canza kamshaf. Ko shi ma gyara ne, bai kai sayen inji ba.

Kafin ka taɓa komai, nemi sifanun inci. Yawancin kusoshin nan awon Amurka ne, 7/16, 1/2, 9/16. Lamba 13 tana shiga kan rabin inci amma da sako-sako, tun yana riƙewa har ta cinye masa kai, ka dawo kana neman kurfi da guduma. A Panteka za ka samu na hannu masu kyau. Ka kuma cire murfin gwangwanin da ke saman inji ka leƙa. Waɗannan taraktoci a rumfar bayan gida ake ajiye su duk lokacin sanyi a can, ɓeraye su yi sheƙa tsakanin haƙarƙarin silinda. Injin nan iska ce kaɗai ke sanyaya shi, in ka shiga rana da wannan tarkace a ciki, to a ranar ne zai gama yawon da gaske.

Yanzu ga maganar da ta sa na ajiye sauran tambayoyi na ɗauki taka. Kada ka bari a yanke wayar nan. Kada ka bari ko da na kwana ɗaya ne, ko da an ce "a yi maneji zuwa a samo sabo", domin ba a taɓa samowa.

Kusan duk taraktar da aka kawo mini, kujera nake fara ɗagawa, kuma abin da nake tararwa ɗaya ne: waya biyu an fere su da haƙori, an murɗe, an naɗe da baƙar leda, wani lokaci ma guntun ƙusa ne aka lanƙwasa aka cusa a soket. In ka tambaya a ce maka ai damun mutane take. Hannun da ke cire tamostat daga motar mutane ya ce na ƙasar sanyi ne, shi ne dai yake wannan aiki. Duk abin da bai gane amfaninsa ba, sunansa tsirfar Turawa. Na mota dai inji zai ci. Wannan ƙafar mutum yake ci.

Abin da ke ƙarƙashin kujerar makunni ne mai jin nauyin direba. In ka tashi, ko ka faɗo, alhali wuƙa na juyawa ko birki a sake, sai ya kashe inji. Masu ƙera injinan a Amurka sun sa shi cikin ƙa'idarsu ta tsaro, wadda ake kira ANSI B71.1, tun wajen ƙarshen shekarun 1980, bisa sharaɗin wuƙa ta tsaya cikin daƙiƙa 5. Ba don ado suka yi ba, sai da asibitocinsu suka gaji da ganin yankakkun ƙafafu da yatsu. Ƙa'idar ta yarda bakin wuƙar ya yi gudun da ya kai ƙafa 19,000 a minti, kusan kilomita 350 a awa ke nan. Ƙarfe mai kauri, tsawon kamu ɗaya ko fiye, yana wannan gudu tazarar taƙi ɗaya daga tafin ƙafarka. Ba yanka yake yi irin wanda likita zai ɗinke ba. Daddatsawa yake, ya cusa ƙasa da ciyawa da kashin dabbobi cikin raunin.

Masu yankewa kullum hujjarsu ita ce, ai ni ba yaro ba ne, ba zan sauka wuƙa na juyawa ba. Za ka sauka. Za ka hango dutse ko guntun waya a gabanka, ka ce bari in ɗauke, ba sai na kashe ba tunda tayarwa wuya take. Jiƙaƙƙiyar ciyawar damina za ta toshe mafita, ka sa ƙafa ka tura. Kuma ba duk sauka ce da niyya ba. Taya ta faɗa ramin gara ko bakin kwalbati, reshen darbejiya ya doke ka, ka ga macijin da kake faɗa ka yi tsalle ba shiri. Da makunni, inji ya mutu kafin ka kai ƙasa. Babu shi, tarakta ta ci gaba da tafiya ita kaɗai da wuƙa a kunne, ko ta bi ta kanka ko ta nufi inda ta ga dama. A filin makaranta, Malam. Kai ma ka san wa za ta tarar.

Akwai kuma ɓarnar da mai yankan bai san yana yi ba. Wutar filogin wannan inji ba daga batir take zuwa ba, maganaɗisun filawil ne ke wucewa gaban kwayil ya haifar da ita. Saboda haka ba a kashe shi da yanke wuta, ana kashe shi ne da haɗa wata siririyar waya ta kwayil da jikin ƙarfe. Makulli da makunnin kujera da na birki da na wuƙa duk ta wannan hanya suke bi. Masu ƙerawa kuma sun san halin mutane, sai suka sa wani ɗan ƙarfe a cikin soket ɗin kujera na taraktoci da yawa, yadda ko ka zare shi inji zai mutu. Makanike ya zare, ta mutu. Ya haɗa, ta mutu. Ransa ya ɓaci, sai ya bi waya har gindin kwayil ya datse ta can. Tarakta ta tashi, kowa ya yi tafi, a biya shi. Sai an zo kashewa a ga makulli ba ya aiki, a koma jan cok ko fizge wayar filogi da tsumma. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Mafi muni, injin da aka yi wa haka kullum a shirye yake. Makulli na aljihunka, batir a cire, ka sa hannu ka juya wuƙa ko bel, yana iya tari ya kama. Don haka ko wayarka lafiya lau take, doka ta farko a gareji ita ce a cire wayar filogi kafin hannu ya shiga ƙarƙashi.

Abin haushin shi ne gyaran gaskiya bai kai wahalar ɓarnar ba. Lura da yadda take mutuwa. In ɗif take yi kamar an murɗe makulli, matsalar wuta ce, wato makunni. In kuwa sai ta yi nishi, bel ya yi ƙara ko ya yi warin ƙuna sannan ta mutu, to boris ɗin sandar wuƙa ne ya cije ko wani abu ya naɗe ta, kujera ba ruwanta. Tunda ka ce sakin birki ma yana kashe ta, na fi zargin makunnin. Ɗaga kujera ka duba ko soket ya zauna daram, don sau da yawa wajen lodi a kwantena ake fizge shi, ko tsatsa ta ci bakinsa. Zare shi ka goge, ka sa mitar awon wuta a kan ƙafafun makunnin, ka danna ka saki. In karatun mita bai canza ba, ya mutu. Ka duba soson kujerar ma, in ya ruɓe ko farantin ya lanƙwashe, nauyinka ba ya isa wurin. Bi wayar har gaba ka ga ko ɓera ya ci ta tana taɓa ƙarfe.

Makunnin ƙaramin abu ne mai araha, masu kawo kayan gyara daga Legas ko masu oda ta intanet za su samo maka in ka ba su lamba. Lambar tarakta tana kan takardar da ke manne ƙarƙashin kujera. Craftsman suna ne da kantunan Sears suka mallaka har zuwa 2017, ba su suke ƙerawa ba: in lambar ta fara da 917 aikin kamfanin da ya koma hannun Husqvarna ne, in 247 ce na MTD ne, kuma kayansu ba sa shiga na juna. Kafin ya iso, a sa yara masu aikin lambu su bi filin da adda da lauje. Sati biyu na lauje bai kashe kowa ba.

In an gyara, ga sharuɗɗan da zan so ka rubuta ka manna a bangon sito. Ba a yanka sai an tashi makaranta ko ranar hutu, fili babu kowa. A bi a tsince duwatsu tukuna, don tsakuwar marmara in wuƙa ta ɗauke ta tana fasa gilashin aji, balle ido. Robar da ke rufe mafitar ciyawa a bar ta a sauke, kada a ɗaure ta sama da igiya. Ba a ɗaukar yaro a cinya, ko ɗan mai makaranta ne, domin yaron da aka saba ɗauka shi ne zai biyo ta a guje ta baya direba bai sani ba. Saboda irin wannan ne ƙa'idar ANSI ta 2003 ta ƙara tsarin hana yanka a ribas, in taka tana da shi, shi ma a bar shi. A gangare a hau a sauka, kada a gitta, in ya wuce digiri 15 a bar wa adda. Kuma ba a tayar da ita cikin rufaffen sito, hayaƙinta da na janareta duk ɗaya ne.

Idan za ka canza wuƙa ko ka wasa ta, kada ka shiga ƙarƙashi tana kan jak kaɗai ko kan bulo. Sa katako mai kauri, ka tare tayoyin baya, ka datse wuƙar da guntun katako kafin ka kwance. Bayan wasawa rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya, ɓangaren da ya rinjaya ka ƙara rage shi, in ba haka ba girgiza za ta cinye maka boris.

A jikin murfin bawul akwai lambobi kashi uku da aka buga a ƙarfe, a kashi na ƙarshe lambobi biyu na farko su ne shekarar da aka ƙera injin. Turo mini su tare da lambar ƙarƙashin kujera da hoton wayoyin yadda suke yanzu, kafin makaniken ya dawo, in tabbatar maka da awon bawul da irin makunnin da za ka saya.