Tambaya da Amsa: Yaya za mu karrama ɗan kaman garinmu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A garinmu akwai wani tsohon ɗan kama da ya haura shekara 40 yana ba mutane dariya, tun a bikin iyayenmu. Mu matasa muna son shirya masa wasa na musamman. Wasu sun ce a kama babban ɗakin taro, a gayyato manya, a ba shi lambar yabo. Me ka gani? Daga mai karatu a Jigawa.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi muku albarka da kuka tuna da Baba yana da rai. Barmani Choge ta rasu a 2013, Ɗan Maraya Jos ya bi ta a watan Yunin 2015, kuma yabon da aka yi ta zuba musu bayan an binne su bai kai kunnensu ba. Shata kam ya ga nasa da idonsa, domin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, shekara 11 kafin rasuwarsa.

Amma ban goyi bayan ɗakin taro ba. Na sha zama a irin wannan buki: a ɗora tsoho kan kujera cikin babbar riga, manyan baƙi su yi ta jawabi har magariba, sannan a ce ya ɗan taɓa na minti biyar. Ranar nan tasa ce, ku bar shi ya yi sana'arsa. Ɗan kama da jama'a yake aiki. Sai ya hango mai tumbi a gaba, ko wata tsohuwa ta rufe baki da mayafi tana ƙyalƙyala, sannan ya ɗauko waƙar da kowa ya sani ya juye ta ta koma zancen tuwo da miyar kuka, ko ya gyara murya kamar mai wa'azi alhali a kan fura yake ja baƙi. In kun nisanta shi da mutane, kun kashe wasan.

Ku nemi izinin mai gari, ku share filin da ya saba wasa, a shimfiɗa tabarmi a zagaye shi. Bayan la'asar ya fi, muryar tsoho ba ta son sanyin dare. Ku nemo waɗanda suka yi yawo da shi a da, ko mutum ɗaya ne ya rage. Jawabi ɗaya ya isa.

Ku ɗauki murya da hoto sosai, da makirufo a kusa da bakinsa, kada ku dogara da wayar da ke rawa a hannun yaro. Da yawa daga waƙoƙin mazan jiya da muke ji yau, albarkacin ɗaukar da gidajen rediyo irin na Tarayya a Kaduna suka yi ne. Washegari ku koma gidansa ku tambaye shi wa ya koya masa, wace kasuwa ya fara wasa.

Sai batun kuɗi, kuma nan ne zuciyata ta fi tsayawa. Kada rumfa da kujeru da allon yabo su cinye abin da kuka tara. Liƙi ya shiga faranti ɗaya a hannun amintacce, a ƙirga a gaban iyalinsa. Kafin komai ma, ku je ku gaishe shi ku ji buƙatarsa. Wataƙila rufin ɗakinsa ne ke yoyo, ko magani yake nema.