Tambaya da Amsa: Allunan da ke ɗauke da sunan Sarki Haile Selassie a Ingila

Tambaya: Malam, wani ɗan'uwana da ke karatu a Ingila ya aiko mini da hoton wani shuɗin allo da aka manna a bangon gida, ɗauke da sunan Sarkin Habasha Haile Selassie. Me ya kai sarkin can, kuma mece ce manufar irin wannan allo? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Gudun hijira ne ya kai shi. A watan Oktoban 1935 Italiya, ƙarƙashin Mussolini, ta afka wa Habasha, har ta yi amfani da iska mai guba a kan sojoji da fararen hula. Sarkin ya bar ƙasarsa a watan Mayun 1936, ya kai kukansa gaban Majalisar Ƙawancen Ƙasashe, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, a Janiba a ƙarshen watan Yuni, ya gargaɗe su cewa abin da ya sami Habasha zai iya samun kowace ƙaramar ƙasa, amma ba wanda ya kawo masa ɗauki. Daga nan ya zauna a birnin Bath na Ingila, a wani gida mai suna Fairfield House, tare da iyalinsa da fadawansa da limaman cocin Habasha, har zuwa 1940. Ya koma Addis Ababa ranar 5 ga Mayun 1941.

Gidan na Bath shi ne ya fi muhimmanci a cikin wuraren da ake tunawa da shi, domin a 1958 sarkin ya ba wa birnin kyautarsa don amfanin tsofaffi, kuma har yau dattawa suna taruwa a cikinsa, Habashawa da mabiya Rastafari, aƙidar da ke ɗaukaka sarkin, kuma suna kai ziyara. Akwai wani allon a garin Malvern, a otal ɗin Abbey inda ya taɓa sauka, wanda aka buɗe a 2011, da wani a Weston-super-Mare, garin bakin teku da yake zuwa shan iska.

Shi allon kansa, wanda ake mannawa domin tunawa da wani sananne a wurin da ya taɓa zama ko ziyarta, faifai ne zagayayye, da farin rubutu a kan shuɗi, wanda ba ya ɗaukar fiye da suna da shekaru da kalmomi kaɗan. Al'adar ta samo asali ne a Landan a 1866, kuma mafi daɗewa cikin waɗanda suka rage na wani sarki ne da shi ma ya ɗanɗana gudun hijira, wato Napoleon na Uku na Faransa, wanda aka manna a 1867. A wajen Landan galibi ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin tarihi ne ke ɗaukar nauyinsu.

A ganina waɗannan alluna sun cancanci a kula da su, amma ya kamata mai karatu ya san abin da ba su faɗa ba. Ingilar da ta ba shi masauki ita ce kuma a 1938 ta amince da mulkin Italiya a kan Habasha, alhali sarkin yana zaune a ƙasarta cikin ƙuncin rashin kuɗi. Haka nan Habashawa kansu ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya game da shi ba. Wasu suna girmama shi saboda rawar da ya taka wajen kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963, wasu kuwa ba su manta da yunwar lardin Wollo ta 1973 ba, wadda ta taimaka wajen tuɓe shi a 1974. Wannan saɓani ya tsallaka har Landan, inda a 2020 wasu masu zanga-zanga suka farfasa mutum-mutuminsa a wani lambu da ke unguwar Wimbledon. Idan ɗan'uwanka zai samu dama, ya nemi shiga gidan na Bath a ranar da ake buɗe shi ga baƙi, domin masu kula da shi suna zagayawa da mutum ɗaki-ɗaki suna ba da tarihinsa.