Me ya sa yaran shagona ba sa daɗewa?

Alhaji, ka ce kana biyan yaran shagonka a Kantin Kwari fiye da maƙwabtanka, amma da wuya yaro ya yi shekara bai tafi ba. A ganina matsalar ba ta kuɗi ba ce.

Tun 1959 wani masani ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya nuna cewa albashi mai kyau ƙorafi kawai yake ragewa. Abin da ke sa mutum ya so aikinsa shi ne a yaba masa, a ba shi amana, ya kuma hango ci gaba.

To, duba yadda ake yi a shagonka. In yaro ya yi kuskure wajen auna shadda, a gaban mai saye kake yi masa tsawa, ko sai an tashi kasuwa ka ja shi gefe? Wanda aka disga a bainar jama'a, ko dubu goma ka ƙara masa, zuciyarsa ta riga ta bar wurin. Haka in ɗan ƙanenka ya makara a yi shiru, amma in bare ne a zaftare masa kuɗi. Duk suna gani, ba sa magana ne kawai.

Sai batun yaye. Yaron kasuwa yana jure wahala ne don yana sa ran wata rana maigida zai ba shi jari ya buɗe nasa. Ka taɓa zama da su ka faɗa musu yaushe? In ba ka taɓa ba, fara da babbansu a makon nan.