Dodon koɗi ne ke cin murjani har ya yi fari fat?

Ɗan'uwa, ka tambayi ko ƙaramin dodon koɗi zai iya kashe murjanin teku. Ƙwarai kuwa. Sunansa Drupella, tsawonsa bai cika wuce santimita 4 ba, kuma yana rayuwa a ɗumin tekun Indiya da na Fasifik, har da Bahar Maliya.

Shi murjani tarin ƙananan halittu ne masu rai, naman su siriri ne shimfiɗe a kan ƙashin farar ƙasa da suka gina. Dodon koɗin yana da wani harshe mai kaushi kamar magagari. Da rana sai ya lafe a gindin rassan murjanin, dare na yi ya fito yana kankare naman, ya bar ƙashi fari tas. Bayan 'yan kwanaki gansakuka ta lulluɓe wurin. Ya fi son murjani mai rassa, irin Acropora, kuma wanda ya riga ya ji rauni ya fi jawo su.

Guda ɗaya ba abin damuwa ba ne, taron nasu ne bala'i. A shekarun 1980 sun yi yawa a Ningaloo, yammacin Ostireliya, suka cinye murjani mai ɗimbin yawa. A wasu wurare masu ninƙaya kan tsince su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki. Ni dai a ganina a rage kama kifayen da ke cin su, domin tsintar hannu ba za ta taɓa isar teku ba.