Asalin kalmar "ɗari" a harsunan Indiya da Turai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun Faransanci a jami'a, kuma malaminmu ya ce Faransanci da Ingilishi da Hindi duk dangi ɗaya ne. Sai na gwada da kalmar ɗari. Bafaranshe yana cewa "cent", yana furta ta kamar "san". A finafinan Indiya ina jin "sau". Waɗannan biyun na yarda 'yan'uwa ne, amma "hundred" ta Ingilishi fa, ta ina ta shigo dangin? Daga wata ɗaliba a Damagaram.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Malaminku ya faɗi gaskiya, kalmomin uku tushensu ɗaya. Amma kunnenki ya ɗan yaudare ki. Sautin "s" da kika ji a Faransanci da wanda kika ji a Hindi kowanne da hanyar da ya biyo, kuma a rabon da masana suka yi, Faransanci yana ɓangare ɗaya da Ingilishi ne.

Tun a 1786 William Jones, wani alƙali ɗan Ingila da ke aiki a Kalkata, ya bayyana cewa Sanskirit (tsohon harshen Indiya) da Girkanci da Latin daga uwa ɗaya suka fito. Ba a taɓa rubuta wannan uwar harshen ba. Yawancin masana suna ganin an yi magana da shi kimanin shekara 6,000 da suka wuce a filayen da ke arewa da Baƙin Teku. Ta hanyar jera kalmomin 'ya'yansa aka gano siffar kalmar ɗari a cikinsa, ana rubuta ta *kmtom, da tauraro a gaba don a nuna cewa hasashen masana ce, ba a same ta a wata takarda ba.

Ki dubi yadda ta warwatsu. Latin yana da "centum", kuma Rumawan dā da "k" suke furta ta, wato "kentum". Girkanci "hekaton", harshen Welsh "cant", Gothic (wani tsohon harshe ɗan'uwan Jamusanci) "hund". A ɗaya gefen kuma Sanskirit "shatam", Awesta na tsohuwar Farisa "satem", Lithuwaniyanci "shimtas", Rashanci "sto". Daga ta Sanskirit ne "sau" ta Hindi ta gangaro, Farisanci kuma yana cewa "sad". Kin ga gida ya rabu biyu: masu riƙe da "k" da waɗanda suka mayar da shi "s" ko "sh". A 1890 Peter von Bradke ya raɗa wa ɓangarorin biyu suna da wannan kalma da kanta, harsunan kentum da harsunan satem.

To ina "h" ta Ingilishi ta fito? Nan ne abin ya fi daɗi. Rasmus Rask ɗan Denmak a 1818, sannan Jacob Grimm Bajamushe a 1822, sun nuna cewa a mafi yawan wuraren da tsohon harshen yake da "k", dangin Jamusanci, waɗanda Ingilishi yake cikinsu, sun mayar da shi "h". Ba a kalma ɗaya aka ga haka ba. Ƙaho a Latin "cornu" ne, a Ingilishi "horn". Kare "canis" ne, Ingilishi yana da "hound". Zuciya "cor", Ingilishi "heart". Wannan maimaituwar ce hujja, domin kamanni a kalma ɗaya tak yana iya zama dace kawai. Ragowar kalmar ma an yi bayaninta. "M" ɗin da ba shi da wasali ya zama "en" a Latin, "a" a Girkanci da Sanskirit, "un" a dangin Jamusanci, Lithuwaniyanci kuwa ya ajiye shi a matsayin "im". Juyewar "t" zuwa "d" a "hundred" ta daɗe tana damun masana, sai da Karl Verner ya wallafa bayani a 1877 cewa inda nauyin furuci yake faɗa wa ne ya jawo haka, kuma Sanskirit ya tabbatar masa, don a can nauyin yana kan gaɓar ƙarshe. Jelar "red" kuwa wata kalma ce daban da aka liƙa, ma'anarta ƙidaya ko lissafi.

Shi Faransanci ɗan Latin ne, saboda haka ɗan kentum ne. Bayan zamanin Rumawa ne "k" da ke gaban "e" ko "i" ya yi laushi, ya zama "ch" a Italiyanci, ya ƙare a "s" a Faransanci. Wannan ya faru ne dubban shekaru bayan sauyin da ya haifar da "shatam". Har yau a tsakiyar tsibirin Sardiniya "kentu" suke cewa.

Ita kanta *kmtom ana ganin ta ɓalle ne daga *dekm, wato goma, wadda ta ba da "decem" a Latin da "dasha" a Sanskirit. Kenan asalin ma'anarta goma sau goma.

Da farko an ɗauka rabon na yamma da gabas ne: kentum a Turai ta yamma, satem a gabas. Sai aka tono tsofaffin rubuce-rubuce a kwarin Tarim, a yankin Shinjiyan na ƙasar Sin, kuma a 1908 Emil Sieg da Wilhelm Siegling suka nuna cewa harshen, wanda ake kira Tokariyanci, ɗan wannan dangi ne. Ɗari a cikinsa "kante" ce, da "k" ɗinta, can gabas mai nisa. A ganina wannan ya isa ya nuna cewa satem sauyi ne da ya ɓulla a tsakiya ya bazu, na gefe-gefe suka ci gaba da tsohon furuci.

Sai dai ki yi hattara, ana aron manyan lambobi. Mu ma ishirin da talatin da hamsin daga Larabci muka ɗauko, ba tare da Hausa ta fito daga Larabci ba. Haka Finlanci yake cewa "sata", Hungariyanci "száz", alhali ba 'yan wannan dangi ba ne. Kakanninsu ne suka aro kalmar tun da daɗewa daga wajen kakannin Iraniyawa da Indiyawa.